Zaman Sauraro a Ofishin Alhaji Maharazu

Sawun ƙafafun tebur Bahijja ta fara gani a daɓen ofishin, fari tas a tsakiyar simintin da ya yi duhu. An ja teburin Alhaji Maharazu an jingine shi da bango, a gurbinsa an ajiye kujerun roba biyu suna kallon juna. Ta wuce da tiren allurai a hannu, ta tambayi Gwaggo Larai mai shara ko fenti za a yi.

"Fentin me? Ilimi ne Alhaji ya ɗebo mana daga Kaduna. Wai tebur yana hana gaskiya fitowa." Larai ta dogara tsintsiya a ƙugu. "Jiya ni ya fara zaunarwa. Ya ce, Larai, faɗa mini damuwarki. Na ce gwiwa. Ya ce ba irin wannan ba. Na ce to ni dai irin wannan gare ni."

Asibitin ƙarami ne, na mata da yara, ƙungiyar unguwa ce ta gina shi a wani lungu na Yakasai, Alhaji Maharazu yake riƙe da shi. Da sojoji suka koma bariki, ƙungiyoyin agaji da suka ɗauke ƙafa suka dawo da fararen motocinsu. Ɗaya daga cikinsu ta kwashi shugabannin irin waɗannan asibitoci zuwa taron bita a Kaduna. Can aka koya musu cewa gajiya tana iya cinye ma'aikaci yana tsaye da ƙafafunsa, kuma maganin abin shi ne shugaba ya zauna da kowa shi kaɗai, ya saurare shi, ya tallafe shi, ya riƙe masa sirri.

Mulkin farar hular da ya kawo bitar shi ne ya ɗauke musu nas biyu. Sista Luba mijinta ya ci kansila, ya ce matar kansila ba ta wankin jini. Sista Hadiza wani ɗan majalisa ya samar mata gurbi a babban asibiti. Ɗakin haihuwa ya koma hannun Bahijja ita kaɗai. Ko ta tashi aiki ta koma gida, kafin ta sauke tukunya an aiko a kira ta.

Ranar da layi ya zo kanta, ta zauna a bakin kujerar, idonta a kan takalman Alhaji. Tun yarinta take ganin mutumin nan a zauren mahaifinta. Tare suka yi makarantar allo da mahaifin nata, Malam Ɗayyabu, shi ya raba goron sunanta, shi kuma ya ɗauke ta aiki da Malam ya yi masa magana.

"Yaya aikin, Bahijja?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"A'a. A kujerar nan babu Baba, babu Alhaji. Abin da duk aka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Na yi miki alkawari."

Ba ta taɓa jin babban mutum ya yi mata alkawari ba, umarni ta saba ji. Wataƙila shi ya sa bakinta ya buɗe.

"Baba, na daina jin komai. Shekaranjiya wata yarinya tana naƙudar fari, tana ta kiran uwarta, na daka mata tsawa, na ɗaɗa mata duka a cinya. Ni da nake faɗa da masu yin haka. Da jaririn ya fito na riƙe shi kamar ƙunshin wanki, ko addu'a ba ta zo mini ba. In zan sa wa mace ƙarin ruwa hannuna rawa yake yi. Tsoro nake ji kada wata rana in kashe wata ban sani ba. A ba ni hutu, ko a samo mini ta biyu. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Alhaji ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Idonsa ya yi ja. "Kin kyauta da kika faɗa, 'yata. Ki bar mini wannan. Na ɗauka."

Da yammar nan ta taka da ƙafa har gida, ta tsaya ta saya wa yaranta ƙosai, ta ji kanta sakayau kamar an sauke mata tulu.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ce Malam yana kiranta a Dukawuya. Ta tarar da shi a zaure shi kaɗai, amma tabarmin masu ɗaukar karatu ba a naɗe su ba tukuna, ga kofunan shayi nan birjik. Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai amsa da sunan da ya saba kiranta ba.

"Maharazu ya tako har zauren nan saboda ke. Mutumin da na roƙa da bakina ya ɗauke ki. Ya zauna a nan, gaban mutane, ya ce 'yata ta gaji, har ta kai ga dukan mata masu naƙuda."

"Malam, ba ƙara ya kawo ba, shi ne ya ce in..."

"Na san ba ƙara ya ce ba. Cewa ya yi in lallashe ki, in yi miki addu'a. Ke ba ki san me ake nufi ba in babba ya zo ya ce a lallashi yaro? Kunyata ya ji, ya sa wa maganar riga." Ya tura mata kwanon rubutu da ya riga ya wanke. "Shanye. Uwarku ta haife ku duka tana daka tana surfe, babu wanda ya taɓa zaunar da ita a kujera ya tambaye ta ko ta gaji. Gobe da safe ki je ki ba shi haƙuri. Maganar hutu kuma kada in ƙara ji. Yau ki tafi hutu, gobe a ce korarki aka yi."

Ta shanye rubutun. Ta yi masa sallama ta koma gida.

Zauren Malam ba ya riƙe magana. Washegari da ta shigo asibiti, matan da ke kan bencin awo suka yi tsit. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ja yarinyar jikinta, ta ce da murya ƙasa-ƙasa amma yadda za a ji, "Ita ce. In ta ɗaga miki hannu ki kwarma ihu, ina nan bakin ƙofa."

Bahijja ta shiga ofis, ta wuce kujerun, ta durƙusa a kan siminti.

"Malam ya ce in zo in ba ku haƙuri."

"Subhanallahi! Tashi, tashi. Haƙurin me? Ni taimako na je nemo miki. An ce mana a tallafi ma'aikaci ta ko'ina. To wa ya fi uba sanin abin da zai kwantar wa 'yarsa da hankali?"

"Kun ce a nan maganar za ta tsaya, Baba."

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, babu ko alamar wayo a fuskarsa. "Ai ban kai ta waje ba, Bahijja. Gida na kai ta."

Wannan ne ya fi yi mata ciwo. Da mugunta ce da ta san inda za ta ajiye ta.

"Hutun fa?"

"Malam ya ce kin warware, kin ce ba kya so. Ni kuma ba na tsallake maganar Malam a kan 'yarsa. Nas ta biyu kuwa muna nan muna nema. Allah zai kawo."

Ta ce to. Ta koma ɗakin haihuwa ta wanke hannuwanta, ta riƙe su a ƙarƙashin famfo tana kallon yadda ruwan ke tarwatsewa a kan yatsun da suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Daga ranar ta daina magana in ba dole ba. Ba ta ƙara daka wa kowa tsawa ba, amma ba ta ƙara ce wa kowa sannu ba.

Bayan 'yan makonni ƙungiyar agajin ta aiko jami'arta, Hajiya Sa'adiyya, ta ga abin da bitar ta haifar. Aka share harabar, aka jera bencina a rumfar awo, aka kawo lemo da cincin. Ranar ɗakin haihuwa babu kowa, don haka Alhaji ya ce Sista Bahijja ta zauna a gaba. Shugabannin ƙungiyar unguwa sun zo da manyan riguna, har da biyu daga cikin masu ɗaukar karatu a zauren Malam.

Alhaji ya tashi da fara'a. Ya yi bayanin tebur da kujeru, aka yi dariya. Sannan ya miƙa hannu wajenta.

"Ga shaida nan a zaune. Yarinyar nan ta zo mini a gajiye, hannu yana rawa, zuciya ta ƙeƙashe, har abin ya fara taɓa marasa lafiya. Muka zauna, na saurare ta. Muka haɗa da mahaifinta, aka yi addu'a. Yau ga ta nan garau, ko hutun ma ta ce ba ta so."

Aka tafa. Hajiya Sa'adiyya ta yi ta gyaɗa kai. "Wannan shi muke nema, Alhaji. Haɗa abin da al'adarmu. Zan kai labarin nan sauran asibitoci su koya."

"Ban gama ba, Hajiya. Tunda mace ta fi sakewa da 'yar uwarta mace, daga yau Sista Bahijja ce za ta riƙa zama da sauran ma'aikata mata tana sauraron damuwarsu. Bayan an tashi aiki, don kada a taɓa lokacin marasa lafiya."

Aka ƙara tafawa. Daga bakin ƙofar baya, inda take zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, Larai ta ce, "Ikon Allah. An ƙara wa mai kaya kaya, an ce hutu ne." Wanda ke kusa da ita ya harare ta, ta cusa cincin a baki.

"Sista, ko za ki ce wani abu?" in ji Hajiya Sa'adiyya.

Bahijja ta ɗago kai. Ta dubi baƙuwar, ta dubi manyan rigunan, ta dubi mutanen zauren mahaifinta da ke jiran abin da za su kai masa kafin magariba.

"Kunya gare ta, Hajiya," in ji Alhaji. "Haka Malam ya tarbiyyantar da su. Liman, a rufe mana da addu'a."

Hannuwa suka tashi, kawuna suka sunkuya. Liman ya fara da salati, ya shiga roƙa wa shugabanni, da ƙungiyar, da masu haƙuri a kan aikinsu. Bahijja ta miƙe a hankali, ta bi ta bayan bencina, ta zari mayafinta daga ƙusar da ke jikin ƙofar ɗakin haihuwa. Larai ta buɗe ido ɗaya, ta gan ta, ta janye ƙafarta daga hanya, ta ci gaba da cewa amin da ƙarfi fiye da kowa.

Lungun babu kowa sai wata akuya kwance a inuwa. Bahijja ta yafa mayafin, ta bi jikin katanga har ta fita titi, ta shige cikin masu tafiya wajen Ƙofar Nassarawa.