Katifar Nomau

Dariyar ce ta fara tsaya wa Nomau a rai. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana sassaƙa ƙotar hauya, sai ya ji Basira ta yi dariya a ciki, dariyar nan ta rabin baki da ta rage mata tun ranar da ta faɗi a gaban murhu, ɓarin jikinta na dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Sun fi shekara talatin da aure, amma tun da ciwon ya zo bai taɓa samun wannan dariyar ba. Sakina ke samu.

Sakina Bafillatana ce daga rugar bayan gari, ƙawar Basira tun suna 'yan mata, tun tana shiga gida-gida da ƙwaryar nono. Ranar da majo, babban ma'aikacin likitar Cadawa, wato ƙaramin asibitin yankin, ya zo a kan babur don ya nuna yadda za a riƙa kula da marar lafiya, Nomau ba ya gida. Lokacin ne jam'iyyu suka ɓarke a ƙasa, aka ce talaka zai zaɓi shugaba da hannunsa, shi kuwa Nomau mutum ne da ba a taro babu shi, ya bi mota zuwa taron siyasa a Gazawa. Sakina majo ya tarar, ita ya koya wa. A riƙa juya Basira a kai a kai. A zaunar da ita kafin a ba ta abinci, kunu ya yi kauri don kada ta sarƙe. A duba ƙugu da diddige kullum, kada a bar laima a jiki. Sakina ta ƙara da nata: kowace safiya takan ɗebo rairayi mai laushi, ta tankaɗe, ta shimfiɗa zane a kai, ta kwantar da ƙawarta. Idan ya jiƙe ta kwashe ta zuba sabo. Majo ya gani ya ce a ci gaba.

Gari ya ɗauka. A ƙofar masallaci ba a ce wa Nomau sannu da jinya, sai dai a ce Allah ya saka wa Sakina. Yakan amsa da amin. Kishi yake yi, kishi sosai, ga furfura har a gemu. Idan Basira ta yi gurnani shi bai san me take so ba, Sakina kuwa ko daga tsakar gida sai ta ce, “Ruwa take so,” kuma ruwan ne. Ran da ya ɗauki ludayi zai ba matarsa kunu, sai ga muryar Sakina a bayansa.

“Ba haka ba, maigida. Ɗaga ta tukun.”

A ɗakinsa, a kan matarsa! Ya ajiye ludayin ya fita.

Ranar kasuwar Cadawa ya dawo da katifa a kan amalanke, sabuwa dal, tana ƙyalli cikin ledarta. Bai bi ta bayan gari ba, ta tsakiya ya ratso don kowa ya gani. Ya kwashe rairayin da kansa ya watsar a bayan danga.

Sakina ta taɓa katifar, ta dube shi. “Tana da kyau. Amma ledar nan fa, maigida? Bazara muke ciki. Zufa ba ta da wajen zuwa.”

“In an cire leda fitsari ya ɓata ta. Matata ba akuya ba ce da za ta yi ta kwana bisa ƙasa.”

“To, ka dai riƙa juya ta.”

“Sakina, kin yi ƙoƙari, Allah shi biya. Ki koma ki ji da shanunku. Mijinta yana nan bai mutu ba.”

Sakina ta juya. Ta shiga ta gyara wa Basira kallabi, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Basira ta bi ta da ido har ta fita daga zaure.

A gaskiya Nomau bai yi ha'inci ba. Ya bar yawon taro, ranar zaɓe ma a gurguje ya je ya jefa ƙuri'a ya dawo. Yana zaunar da ita ya ba ta kunu mai kauri, abin da ya koya ta hanyar leƙe. Juyin ne ya gagare shi. Da ya kama kafaɗarta sai ta yi nishi, shi kuwa ba ya iya jin nishin, sai ya saki. Ya ce a ransa wanda ke kan katifa mai laushi me zai dame shi? Dariya dai bai samu ba, sai ma ya lura ta rage ci.

Wari ne ya fara nuna akwai matsala. Da majo ya sake zagayowa ya yaye zanen, sai ga gyambo a ƙugunta ya kai bakin moɗa, gefensa ya yi baƙi. Majo ya juyo wajen Nomau.

“Baba, masu irin wannan ciwon ba shi ke kashe su ba, gyambon nan ke kashe su. In ya kai ƙashi, ni da kai sai kallo. Ina matar nan da na koya wa?”

Nomau ya dubi ƙasa. Majo ya wanke gyambon ya ɗaure, ya ce zai riƙa zuwa, amma magani ba zai yi komai ba idan ba a juya ta.

Washegari da sassafe Nomau ya nufi ruga, ƙafa na tafiya zuciya na ja da baya. Ya tarar Gidaɗo, mijin Sakina, yana ɗaure tabarmi da ƙorai. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma za su yi shuka, dole shanu su yi arewa. Sakina na tatsa. Ya tsaya ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanu, ya tambayi maruƙa, har abin tambaya ya ƙare.

“Gyambo ya ɓalle?” ta ce, ba ta ɗago ba.

“Ya ɓalle.”

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Wanke hannu kawai ta yi ta shige gaba, yana biye. A hanya ta ce, “Ruwan farko na sauka za mu tashi. Ba zan yi maka ba, kai za ka yi ina kallo.”

Haka aka yi. Shi ke ɗebo rairayi, shi ke tankaɗe. Ta nuna masa inda ake sa hannu ƙarƙashin kafaɗa, yadda ake lanƙwasa gwiwa, yadda ake cusa tsumma tsakanin ƙafafu. “In ta yi nishi kada ka saki. Ka yi mata magana ka ƙarasa.” Yana yi yana jin haushi, don duk lokacin Basira Sakina take kallo. Katifar kuwa aka jingine ta a zaure, kaji suka mayar da bayanta wurin kwana.

Ruwa ya sauka, ruga ta tashi. Gyambon ya fara ja, yana haɗewa daga gefe, majo ya ce an kama hanya. Amma Basira ta yi shiru. Idan ya juya ta wajen bango sai ta yi ta gurnani har ya mayar da fuskarta ƙofa, ta zuba wa zaure ido. Kunu sai ya yi ta lallashi kafin ta karɓa.

Wata rana da hantsi ya tsaya da ƙwaryar kunu a tsakar gida, ya waiga ya tabbata babu kowa a bakin danga. Ya ɗora ƙwaryar a ka, ya riƙe ƙugu, ya siranta murya, ya karya harshe irin na Sakina.

“Salamu alaikum, masu gida! A sayi nono? Ina Basira, ko maigidan nan mai tsiya ya ɓoye ta?”

Dariyar ta fito, ta rabin baki, har kafaɗarta mai rai tana rawa. Nomau ya durƙusa ya ɗaga ta, ya jingina ta a ƙirjinsa. Ya san sarai ba tasa ba ce dariyar, kuma abin ya sosa masa rai kamar ranar farko. Ya ɗebo kunu a ludayi, ya sake siranta murya.

“Buɗe baki, ƙawata.”

Ta buɗe.