Ɗigo Uku a Gefen Kasko

"To wannan ci ake yi, ko shanyawa?" in ji Yaya. Ta ɗaga yankan fiza, gurasar nan ta Turawa mai cuku a sama, da yatsu biyu, ya lanƙwashe ya rataya kamar jiƙaƙƙen hankici.

"Akwai saura uku a firij," in ji Auta, ita kanta ta ji amsar ba ta da kan gado.

Gobe aka yi da Yaya za ta zo. Sai ga ta yau da hantsi, jaka a kafaɗa, wai an matso da taron da ya kawo ta garin. Ba a yi cefane ba. Abin da ke gidan kaɗai ragowar fizar da Auta da mijinta suka saya jiya, murnar cika wata shida da aure. Cikin rawar jiki ta jefa yanka ɗaya a injin ɗumama abinci, ya fito a haka.

Da wata baƙuwa ce, da dariya za a yi a wuce. Amma Yaya idon Mama ce. Tun da Auta ta auri mai shagon wanki da guga, Mama ba ta taka gidan ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce sai Yaya ta je ta gano mata irin zaman da yarinyar ke yi. Abin da Yaya ta koma ta faɗa, shi zai kawo Mama ko ya ƙara zaunar da ita. Ita kuwa Auta ba ta rasa komai ba a ɗakuna biyun nan na saman shago. Tana son ƙamshin sitaci da ke hawowa ta matakala, tana son ƙarar dutsen guga idan an dire shi. Kujerar bakin taga ce kawai take kallo wani lokaci, ta ga ta yi daidai da Mama.

Yaya ta tambaya ko a gidan nan dutsen guga ne kaɗai ya san zafi. Auta na neman abin cewa sai ga takun mijinta. Kwalisa take ce masa, don ko shara zai zubar sai rigarsa ta sha kari. Ya gaishe da Yaya da ladabi, ya tambayi hanya, ya tambayi Mama sau biyu. Sannan idonsa ya sauka kan yankan, ya yi masa kallon da yake yi wa rigar da wani shagon ya ɓata. Ya ce tururi ne ya shige ta ko'ina, shi kuma tururi akwai inda ake kai shi. Ya roƙi Yaya ta ba shi minti goma.

Ya ɗora kaskon suya a wuta kaɗan, ba mai ba komai. Ya miƙa tafin hannu sama da shi yana auna zafin, yadda yake auna dutsen guga kafin ya taɓa siliki. Ya jera yanka ukun a gefe guda. Yaya ta taso ta tsaya a bakin kicin, ta harɗe hannuwa, ta ce za su ƙone. Ya ce a yi masa haƙuri. Can ya ɗaga gefen ɗaya da wuƙa, ƙasan ya yi ja, yankan ya miƙe bai lanƙwashe ba.

Sai ya tsoma yatsu a kofin ruwa, irin tsomawar da yake yi in zai yayyafa wa kaya. Auta ta riƙe masa hannu, don ta ɗauka sabo ne zai sa ya jiƙa abincin a gaban Yaya.

"Sake ni, ranki ya daɗe," ya ce yana murmushi. "Ba a kanta zan zuba ba."

Ɗigo uku ya yarfa a gefen kaskon da ba komai, ya kifa murfi. Ya ce ƙasa busasshen zafi take so, saman kuma tururi, don cukun ya narke. Minti ɗaya, ya buɗe.

Ya sa wa Yaya biyu, ya sa wa Auta ɗaya, ya jawo lanƙwasasshen nan gabansa. Yaya ta gatsa, sai da aka ji ƙaras. Ta sake gatsa. Auta ta yanka rabin nata ta tura masa, ya turo mata ba tare da ya ɗago ba, ta sake turawa. Da ta ɗaga kai, Yaya ba fizar take kallo ba, farantin ne da ke ta kai da kawowa.

Yaya ta goge yatsunta, ta dubi kujerar bakin taga.

"Asabar zan zo da Mama," ta ce. "Ku sayi irin wannan tun Juma'a, ta kwana a firij. Kai kuma mai guga, ka rage wa tata wuta, haƙoranta ba irin nawa ba ne."