Kakan da Ilu Ya Ba da Aro

Tun da aka fara zama a gindin Dala ba a taɓa yin mutumin da ya fahimci Kano kamar Malam Jibril ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka a shekarar 1968, bayan ya dawo daga jami'a da digiri, da tabarau, da wani ɗan tari da yake yi kafin ya faɗi muhimmiyar magana.

Ana yaƙi a kudu a lokacin. Kullum rediyo tana cewa an kusa gamawa. Samarin unguwa suna ta shiga soja, gidajen Sabon Gari kuwa da masu su suka gudu suka bari, ba wanda yake son a tambaye shi yadda aka yi. Malam Jibril ya dubi duk wannan, ya ce lokaci ya yi da marubuci zai tsaya ya faɗi gaskiya ba tsoro. Sai ya zauna ya fara littafi a kan Basasar Kano ta zamanin kakanni, lokacin da gidan sarauta ya rabu biyu, gari ya rabu tare da shi. Mutanen wancan yaƙin duk sun rasu, kuma babu mai bindiga a cikin magadansu.

Labarin aminai biyu ne da yaƙi ya raba, imani ya haɗa. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan karanta babi guda a zauren Alhaji Isyaku, mai fataucin fata, wanda ya yi alkawarin kai littafin Zariya a buga. Alhaji bai gindaya sharaɗi ba. Ya dai ambata, a cikin hira, cewa kakansa jarumi ne. A babi na gaba kakan ya bayyana da takobi. Ganin haka, sarkin fawa ya tuna da nasa kakan, liman ya tuna da nasa. Kafin damina ta faɗi, duk mai tabarma a zauren ya sami kaka a littafin, kuma ba wanda ya taɓa juya baya a fagen fama.

Saura maci amana. Labarin yana buƙatar wanda zai buɗe wa maƙiya ƙofar ganuwa, amma duk sunan da Malam Jibril ya ɗauko, sai ya zama na kakan wani.

Ya kai kukansa marina, a Ƙofar Mata, wajen Ilu, amininsa tun makarantar allo. Ilu marini ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwa. Ba shi da gona, ba shi da sarauta, gidan da yake ciki ma na gado ne da 'yan'uwa. Abin da yake da shi a duniya shi ne wannan matakalar ƙasa ta jikin masallaci, inda yake hawa ya sa shuɗɗan hannayensa a kunne ya kira salla. Tun yana saurayi yake yi, ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ba.

"Ɗan boko, me ya turɓune maka fuska?" in ji Ilu, yana tsoma zane a rijiyar baba.

"Garin nan kaf ba mai mugun kaka. Ka taɓa jin irin wannan?"

"To waye ya haifi waɗannan mutanen da muke gani?"

"Ba wasa nake ba, Ilu. Littafin ya tsaya."

Ilu ya matse zanen. "Ɗauki nawa. Mamman sunansa. Lokacin Basasa yana Kazaure yana kiwon awaki, ko Kano bai taɓa gani ba sai bayan zuwan Turawa. Ya buɗe maka ƙofar. Dama a rayuwarsa bai yi wani abin tunawa ba, ka ga ya samu."

"Ba za ka ji haushi ba?"

"Ba ƙarya ce ba? Kowa ya san ƙarya ce. Amma ka yi masa riga mai kyau."

Malam Jibril ya yi masa riga mai kyau. Ya yi masa ido ɗaya, da dariya marar sauti, da hannaye shuɗɗa, don a cewarsa mai karatu yana buƙatar abin da zai riƙe. Ranar da ya karanta babin, zauren ya yi tsit. Ilu ne kaɗai ya yi dariya, a daidai wurin da Mamman ya zare sakata.

Washegari Gwaggo Hajo, tsohuwar da ta girmi kowa a unguwar, ta tuna. Tana goye a bayan uwarta a ranar, ta ce, kuma ta ga mutumin da idonta. Ido ɗaya. Hannu shuɗi. Da aka gaya wa Malam Jibril, sai da ya cire tabarau ya goge. A jami'a an koya musu cewa babban marubuci yakan taɓa gaskiyar da shi kansa bai sani ba, amma bai zaci abin zai same shi da wuri haka ba. A ranar ya rubuta gabatarwa, inda ya bayyana cewa a wannan aiki ya gano kansa, kuma abin da ya gano ya ba shi mamaki saboda girmansa.

Rediyo a lokacin ba ta da magana sai ta masu zagon ƙasa. A yi hattara da su, suna cikinmu. Unguwar ta daɗe tana son ta yi hattara da wani, ba ta dai samu ba. Aka fara cewa abin a jini yake. Aka lura Ilu ba ya cewa komai in ana zagin 'yan tawaye. Wani ya tuna tela Inyamiri da yake kawo wa Ilu yadi a da, har suna cin goro tare. Alhaji Isyaku kuma yana da suruki, Musa, wanda ya daɗe yana jin cewa Allah ya ba shi murya.

Aka zauna a masallaci bayan la'asar a kan maganar ladancin Ilu. Liman ba ya son rigima, don haka ya juya wajen mai ilimi.

"Malam Jibril, kai ka rubuta. Gaya mana tsakaninka da Allah. Abin da ke littafin nan ya faru, ko ƙirƙira ce?"

Malam Jibril ya yi tarinsa. Ya dubi Ilu, wanda ke zaune kusa da ƙofa yana murmushi, yana jiran a gama a yi dariya. Ya dubi Alhaji Isyaku, wanda takobin kakansa yake rataye da amsar, tare da Zariya da injin buga littafi. Ya dubi sarkin fawa. Ya dubi liman kansa. In Mamman ƙarya ne, duk kakannin zauren sun mutu a karo na biyu.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "akwai gaskiyar aukuwa, akwai kuma gaskiyar adabi, wadda masana suka ce ta fi zurfi…"

"Malam, e ko a'a?" in ji Alhaji.

Ya sake tari. Wannan karon na gaske ne, ya daɗe yana yi.

Ilu ya daina murmushi. Ya kalli amininsa na ɗan lokaci, kamar yadda yake kallon zanen da bai kama baba ba. Sannan ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Ku ƙyale Malam, kada ya shaƙe. Mamman kakana ne, ba ni da wani. Musa, matakala ta uku ta zaizaye, ka riƙa dafa bango."

Aka buga littafin bayan an gama yaƙi, da shuɗin bango. A shafin farko Malam Jibril ya gode wa Alhaji Isyaku, da Gwaggo Hajo saboda ƙarfin tunaninta, ya kuma yi addu'a Allah ya sa aikin ya haɗa kan jama'a. Ya kai wa Ilu kwafi har marina. Ilu ya ce a ajiye masa a kan dutse, hannunsa da baba.

Suna tsaye Musa ya ɗaga murya daga masallaci, ya kira azahar kamar ana jan tsohuwar ƙofa.

"Zai koya," in ji Malam Jibril.

Ilu ya juya wajen masallacin. Leɓɓansa suna motsi, suna bin kiran a hankali, suna ja a inda ya kamata a ja. Da aka gama ya wanke hannu, ya ɗauki butarsa, suka tafi tare. Malam Jibril ya wuce sahun gaba, inda aka matsa masa wuri. Ilu ya tsaya a na ƙarshe, kusa da takalma.