Ranar da Gazali Ya Gaida Motocin Sakkwato

Duk wanda ya san Gazali a Arkilla ya san abu biyu ne suka raba zuciyarsa: Shamsiyya da keke. Keken ba irin na kai niƙa ba ne. Siririn keken tsere ne mai taya kamar taliya, wanda sai mutum ya duƙa kamar mai neman allura kafin ya tuƙa shi. Shamsiyya kuwa, ai ba a kwatanta ta a gurguje. In ta yi murmushi, Gazali kan ji kamar an kwara masa ruwan randa a tsakiyar bazara. Ya taɓa rubuta mata saƙon da sai da wayarta ta yanka shi gida goma sha ɗaya, ta amsa da "To, na gode," shi kuwa ya yi kwana uku yana karanta amsar yana share ƙwalla.

Mahaifinta, Alhaji Maccido, dillalin shanu ne, gidansa na Ƙofar Dundaye. Yadda yake duban tozon bijimi ya san lafiyarsa, haka yake duban gaisuwar saurayi ya san gidan da ya fito. Wanda ya hango shi ya sauka daga abin hawa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, wannan ɗa ne. Wanda ya ɗaga masa hannu daga nesa kuwa, ko digiri nawa gare shi, sai dai ya nemi mata a wata unguwa.

Ranar Talata abin ya faru. Gazali na tafe, kai a ƙasa, hular kwano a ka, yana tsara baitin da zai tura wa Shamsiyya, sai wata akori-kura ɗauke da bijimi ta danna masa ham dab da kunnensa. Keken ya yi rawa, baitin ya tashi sama. Kafin hankalinsa ya dawo, hannunsa ya riga ya miƙe, yatsu biyar a ware.

"Kai direba! Gidanku babu manya?"

Motar ta rage gudu. Wani farin gemu ya leƙo ta taga, ya dube shi tun daga hular kwano har zuwa matsattsen wandon, sannan ya koma ciki. Bijimin ma sai da ya waiwayo.

Bai kai gida ba wayarsa ta yi ƙara. Shamsiyya ce.

"Gazali, mi ka yi ma Baba?"

"Hasken idona, wallahi tallahi ban san shi na ba! Ta baya ya hito!"

"Daƙuwa, Gazali? Tsakiyar titi? Ya ce tun da anka haihe shi ba a taɓa tambaya tai ko gidansu akwai manya ba."

Gazali ya zauna a bakin kwalbati.

"Inna ta roƙe shi," in ji ta. "Ya ce ka taho ran Asabar bayan la'asar ka ji hukunci, ko magabatanka su zo, ko kada su zo. Amma ya rantse, in ka sake wuce shi ko ya wuce ka a hanya ba gaisuwa, to, ka manta da hanyar gidanmu."

Da wannan baƙin ciki ya nufi shagon abokinsa Jelani, mai gyaran kekuna a Sabon Gari, wanda suke fita motsa jiki tare duk ranar Lahadi. Jelani ya yi dariya har sai da ya riƙe fam ɗin ba taya iska don kada ya faɗi.

"Ango mai daƙuwa! To ka riƙa waiwaye mana."

"In na waiwaya keken ga lambatu yaka nufa, ka sani. Kuma ta ina zan gane shi? Yau shina akori-kura, gobe shina gaban tirelar shanu, jibi shina bayan ɗan kabu-kabu. Mutumin ga ba ya da mota guda kamar kowa!"

Jelani ya share hawayen dariya, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani ɗan abu baƙi, bai fi guntun sabulu ba, da jar fitila a jikinsa.

"Ara wannan. Rada ce, na'urar hangen baya. A ƙarƙashin sirdi aka ɗaura ta, tana kallon baya. Duk abin da ya taho maka, tun shina nesa kamar tsawon hilin ƙwallo da rabi, za ta gaya ma wayarka. Ka ji ƙit-ƙit, ka ga ɗigo ruwan ɗorawa shina hawowa, mota ce. In ɗigon ya yi ja, ta kama ihu, to mai tahowa ba ya wasa, ka bar mai titi."

Gazali ya karɓa da hannu biyu kamar wanda aka miƙa wa jariri.

"Amma ka ji," in ji Jelani, "ba ta san huska ba, ba ta san suruki ba. Kuma in abu shina bin ka da gudu daidai da naka, bai matso ba, bai ja baya ba, sai ta manta da shi."

Wannan kashedin bai shiga kunnen Gazali ba, don a lokacin yana can yana sumbatar na'urar.

Ranar Asabar ya fito da wuri, ana idar da azahar. Ya ɗora farin kaftani a kan kayan tseren, ya ɗaure wayar a hannun keke, ya yi bisimilla. Dabararsa mai sauƙi ce, kuma a ganinsa ba a taɓa yin mai kyanta ba: tunda na'urar ba ta san Baba ba, to kowa Baba ne.

Bai yi nisa da ƙofar gida ba ya ji ƙit-ƙit. Ya ja birki, ya dire, ya tuɓe takalmi, ya cire hular kwano, ya durƙusa a gefen titi, ido a ƙasa kamar yadda kunya ta tanada.

"Barka da yamma, Baba! Allah shi ƙara girma!"

Agwagwa-da-buje ce, mai ƙafa ukun nan, cike da mata 'yan biki. Wata tsohuwa ta leƙo. "Lahiya lau, ɗana! Allah shi ba ka lahiya!" Sauran suka kwashe da shewa.

Ya mayar da takalmi, ya mayar da hula, ya hau. Taku biyar, ƙit-ƙit. Ya dire. Tankar ruwa ce. Bayanta motar koyon tuƙi, wadda ɗalibar ciki ta firgita da gaisuwar har motar ta mutu. Bayanta ɗan kabu-kabu ɗauke da firji. Ya gaida motar burodi. Ya gaida motar kwashe shara, direban ya dafa ƙirji ya ce shekara tara yana wannan aiki ba wanda ya taɓa durƙusa masa. Wani mai rake ya tsallako titi ya tambaye shi ko farfaɗiya ce, ya kawo ruwa.

Rana ta Sakkwato ba ta san soyayya ba. Kwalta ta gasa masa tafin ƙafa, kaftanin ya koma kalar kunun kanwa, gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Amma duk sa'ad da ya ji kamar ya haƙura, sai fuskar Shamsiyya ta bayyana masa a cikin walƙiyar kwaltar, ya ce a ransa, masoyan da can sun ƙetare sahara a ƙafa, ni mene ne durƙuso hamsin?

To, ashe a wannan rana Alhaji Maccido ya kai ragon suna wani gida a Arkilla. Yana komowa cikin akori-kurarsa sai ya hango hular kwanon da ba zai taɓa mantawa ba. Ya ɗaure fuska, ya shirya wucewa ya ga ko za a gaishe shi. Sai ya ga yaron ya dire ya durƙusa wa motar ƙanƙara.

Alhaji ya taka birki.

"Ikon Allah," ya ce shi kaɗai.

Ya bari aka ba shi rata, ya bi a hankali. Yaron ya taka, shi ma ya taka. Yaron ya tsaya, shi ma ya tsaya. Na'urar ta yi masa ƙit sau ɗaya tun farko, Gazali ya durƙusa ya gaida wata motar da ta wuce a daidai lokacin, daga nan kuwa ta manta da akori-kurar kamar yadda Jelani ya faɗa. Shi kuma Gazali ido na ƙasa, bai taɓa ɗagowa ba. Haka surukin da ake nema ya yi rabin sa'a yana biye da mai nemansa, yana ƙirga durƙuso da carbi.

A na ashirin da uku Alhaji ya kasa daurewa. Zai ba da ɗiyarsa ga marar kunya ne, ko ga mahaukaci? Ya gangara gefe ya kashe mota, ya tattara babbar rigarsa, ya tako ta kan kwalta har inda Gazali ke tsugune yana ɗaure igiyar takalmi.

"Kai yaro! Lahiyarka ƙalau?"

Gazali ya ɗago. Farin gemu. Na gaske, ba motar burodi ba. Bakinsa ya buɗe, gaisuwar da ya rera sau hamsin ta ɓace masa.

A daidai nan wayar ta kurma ihu. Ba ƙit-ƙit ba, ihu. Ɗigon ya yi ja wur, yana hawowa kamar an harbo shi.

Ga Baba tsaye a kan kwalta, ya ba titi baya. Ga al'ada ta ce suruki ko inuwarsa ba a taka wa, balle a taɓa shi. Gazali ya yi tunanin al'ada na tsawon ƙiftawar ido ɗaya, sannan ya cafki hannun babbar rigar da hannu biyu ya fizgo da iya ƙarfin da ya rage masa.

Suka zube tare cikin rairayin gefen titi, dukansu a durƙushe, kafaɗa da kafaɗa. Wata tifa shaƙe da yashi ta zo ta share daidai inda Alhaji ya tsaya, fuuu, ham ɗinta na kuka, iskarta ta ɗauke masa hula ta ajiye a ƙarƙashin tayar baya.

Jikin Gazali ya riga ya saba. Ba da saninsa ba bakinsa ya bi tifar da, "Barka da yamma, Baba! Allah shi ƙara girma!"

Alhaji Maccido kuwa, dillalin da bijimai ke shakka, kai ba hula, gemu duk yashi, sai ya ji nasa bakin ya ce, "Sannu da aiki, direba."

Mai rake da ya biyo su tun ɗazu don ganin ƙarshen abin ya je ya ɗauko hular, ta koma kamar fankasau da aka zauna a kai, ya miƙa ya ja gefe.

"Innalillahi," in ji Alhaji a ƙarshe, yana duban sawun tayar. Ya juyo. "Kai, ido gare ka a ƙeya?"

"A'a, Baba, ku gahwarce ni, na taɓa ku, na yage muku riga, ga kuma na ran Talata..." Hawaye suka ɓalle masa. "Wanga abu na ya gani." Ya nuna ɗan baƙin abin da ke ƙyafta jar fitila a ƙarƙashin sirdi, ya yi bayani yana shessheƙa: yadda take hango mota, yadda ba ta san fuska ba, yadda ya yanke shawarar gaida kowa don kada Baba ya wuce a cikinsu.

"Wato motar shara ma ni ce?"

"Don gudun kuskure na, Baba."

Gemun ya motsa. Alhaji ya yi tari, ya sake tari, sannan dariyar ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza tumbi, har ya dafa kafaɗar Gazali don kada ya kife.

"Shekara talatin ina dillanci ban ga irinka ba. Wauta kam akwai ta, amma wawan da ya fizge ni daga bakin tifa ya fi mini mai wayon da za ya tsaya kunya har a kwashe ni a tabarma. Tashi. Ka ce ma magabatanka su taho ran Juma'a."

Gazali ya so ya tashi, gwiwoyin suka ce sun gama aikin yau. Sai da Alhaji da mai rake suka ɗaga shi, suka jefa shi bayan akori-kura shi da kekensa, a kan ragowar harawar rago. Sama ta yi masa kyau fiye da kullum. Har ya fara tsara sabon baiti.

Alhaji ya buɗe ƙofar mota, sai kuma ya dawo. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya.

"Ɗan nan. Kakar Shamsiyya, Hajiya Tani, uwar mai ɗakina, gidana taka zaune. Ka san mutum ba ya cin abinci gaban surukuwa. To duk sa'ad da na zauna zaure na kai tsoka baki, sai in ji sallamarta bisa kaina, ta baya. Jiya tsire mai zafi na tura aljihu, dubi cinyata. Wanga abu naka, in an ɗaura ma kujera, shina ganin tsohuwa mai sanda?"

Gazali ya dubi na'urar. "Baba, sai dai in da gudu taka tahowa."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya kafa mitsittsikakkiyar hularsa.

"To za ya gan ta," ya ce. "Kai dai ba ka san Hajiya Tani ba in ta ji ƙamshin nama."