Taliyar Baffa Yero

Shekara uku ke nan da aka kai Sauda Dutsin-Ma, gidan Malam Bilya mai sayar da hatsi, amma mahaifinta Yero bai taɓa cin ko loma ɗaya ta girkinta ba. Ita ce 'yar farinsa, shi kuwa Bafulatanin Barkiya ne mai kunyar gaske. Sunanta ma ba ya faɗa, balle ya ci abinci a gidan suruki. Ran kasuwa in ya gama cinikin shanu sai ya biyo, ya tsaya zaure, ya ajiye mata man shanu, ya ce ya ƙoshi. Kullum a ƙoshe yake, bawan Allah, kamar a hanya ake yi masa tuwo. Abin yana damun Sauda ƙwarai.

Ran nan bayan la'asar motar Kurfi da zai shiga ya koma gida ta yi faci, direba ya ce sai dab da magariba. Dole Yero ya dawo zaure ya zauna.

Sauda ta duba rana. Tuwo dai ba zai samu ba, ko surfe ba ta yi ba. Sai ta tuna taliyar da ta murza da hannu shekaranjiya ta shanya.

"Malam, don Allah yi maza gun mahauta, tsokar sa nike so."

Kafin Bilya ya dawo ruwa ya tafasa. Ta yanka naman ƙanana don ya yi saurin nuna, ta soya shi da albasa cikin man shanun da Baffan ya kawo, ta sa daddawa da barkono, ta ɗan zuba ruwa. Ta tsame taliya, ta juye a akushi ta cuɗa da naman, ta rufe da faifai.

"To Malam, sai ka tafi masallaci."

"Ai ba a yi kira ba, Sauda."

"Je ka jira ladan."

Ya tafi yana dariya. Ita kuwa ta shiga zaure ta durƙusa, ta dire akushi a gefe.

"Na ƙoshi," in ji Yero, yana kallon bango.

"Ai ba naka ba ne, Baffa. Na Malam ne, na aje nan ya huce."

Ta koma ciki ta ɗauki taɓarya ta dinga kirɓa turmin da babu komai a ciki, don ya san tana nesa, ba ta gani, ba ta ji. Ta daka har kafaɗunta suka yi tsami.

Can sai ta ji ƙahon motar daga bakin kasuwa. Ta fito da sauri. Faifai na nan yadda ta aje shi. Ta ɗan ɗaga, taliya a cike lif. Ranta ya ɓaci, har ƙwalla ta taho mata.

Yero ya miƙe ya saɓa sandarsa. "Wannan abin kamar igiya, mi sunanshi?"

"Taliya, Baffa."

"Uhm. Mutanen gari ba ku rasa fitina."

Da ta ɗago ido, sai ta ga silin taliya guda yana reto a furfurar gemunsa, yana ƙyallin mai. Ta sa yatsa ta taɓa saman akushin, sai ya rufta. Ashe ta ƙasa tsohon ya yi ta zaƙulowa yana gyara saman, nama ko yanka ɗaya bai bari ba.

Ta sunkuyar da kai, daɗi ya cika ta. Zancen gemu kuwa ta yi gum, don ta san in ta faɗa ya gama cin abinci a gidan nan har abada.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ke. Ran kasuwa in za ki sake yi wa Malam, ki rage barkono."