Bammin Saja

Tun da sojojin tarayya suka kama ƙauyen Amaudara a yaƙin basasa suka mai da makarantar firamare barikinsu, Oyidiya ba ta ƙara samun hutu ba. Awakinta an yanke, doyarta an kwashe, samarin gari duk sun faɗa daji. Tsofaffi aka bari, da yara masu kumburin ciki.

Mijinta Nwokoma ya daɗe da daina hawa bishiyar kwakwa, gwiwa ta hana. Amma wani ya tsegunta wa sajan barikin cewa duk yankin ba mai tatsar bammi kamarsa. Daga ranar aka ɗora masa: kullum gora cike kafin rana ta ɗaga.

"Maigida, igiyar hawan nan ta girmi ɗanmu na fari," in ji Oyidiya.

"Ke ma kin girme shi, ban yar da ke ba."

"Ka ce musu ba ka iyawa mana."

"Okorie ya faɗa musu haka a kan akuyarsa. Ba kin je jana'izarsa ba?"

Ta riƙa binsa tana tsayawa a gindin bishiya, tana jin nishinsa daga sama.

Wata safiya bayan ruwa ya kwana yana zuba, ƙafarsa ta zame. Bai mutu ba, ƙugu ne ya karye. Ita da maƙwabciyarta suka ɗauko shi zuwa gida a kan tsohuwar ƙofa, suna tafe suna ajiyewa.

Ta wanke hannu ta tafi bariki. Saja na zaune a kujerar hedimasta yana aske gemu.

"Ranka ya daɗe, tsohon ya faɗo."

"Subhanallahi. Sannu, Mama." Ya goge kumfa. "To wa ya rage da ya iya hawa?"

"Babu kowa."

"Ki nemo. Gobe ina jira."

Ya sa aka ba ta gishiri a ƙullin takarda. Ta so ta ƙi karɓa, ta tuna rabonsu da gishiri a miya, ta karɓa.

Da ta dawo Nwokoma ya buɗe ido.

"Kin sauko da gorar? Kar ta yi tsami a sama."

"Wa zai sauko da ita, ni?"

Ta zauna a bakin ƙofa, ta fara ƙirga tsofaffin ƙauyen a zuciya, tana tunanin gidan wa za ta shiga da wannan saƙo.