Wankan Ɗan Rahinatu

"Riƙe ni ta baya, Zuwaira, ba ta hannu ba. Baya yake ja na."

Zuwaira ta dafe kafaɗun maƙwabciyarta, Inna Hajo, suka ci gaba da bin lungun Gobarau. Shekara uku ke nan da ciwon ya kama tsohuwar. Likita ya ce daga ƙwaƙwalwa ne, ba ya warkewa. Wuyanta ya sanƙare, ƙafafunta kan manne a ƙasa, in ta ɗaga su kuma sai ta yi baya kamar an fizge ta. Ita da ta yi wa rabin 'ya'yan unguwar wankan jarirai.

Da safen nan aka sallamo Rahinatu daga asibiti da ɗanta na fari. Inna ce ta goya ta tun rasuwar uwarta, kuma a gaban Zuwaira Rahinatu ta yi mata alkawari: ko a zaune ne, Inna za ta fara wanke shi. Ta aiko cewa sai la'asar. Inna ta fito tun azahar.

"In na tashi da la'asar, sai magariba in isa," ta ce tana dariya.

A zauren gidan Rahinatu suka ji ƙarar ruwa a baho da kukan jariri, sannan muryarta tana yi wa mai wankan magana.

"Hajiya Maimuna, yi sauri kafin ta iso. In ta hwaɗi da shi fa? Ki rage ruwa kaɗan, in ta zo ta shafa mashi a ƙafa, ta ji daɗi."

Zuwaira ta ji zuciyarta ta tafasa. "Wallahi sai na shiga na..."

"A'a," in ji Inna. "Juya ni."

Juyawa ta fi komai yi mata wuya. Sai da ta yi ƙananan taku takwas kafin ta fuskanci ƙofa.

"Ni ma ban yarda da hannuwan nan ba," ta ce a hanya. "Amma ai sai ta hwaɗa mani."

Ba ta je suna ba. Kwana biyu bayansa ta ƙware da koko, zazzaɓi ya biyo, ranar Laraba Allah ya yi mata rasuwa.

Rahinatu ta zo zaman makoki idanu jajur. Ta durƙusa gaban Zuwaira, ta miƙo jaririn.

"Gwaggo, ga jikan Inna."

Zuwaira ta ci gaba da jan carbinta. Yaron ya daɗe a tsakaninsu yana barci, har Rahinatu ta mayar da shi cinyarta.